Ranar da Aka Sace Ta-Ta-Ta

Da safiyar Laraba, ana saura kwana biyu a yi taron cikar waƙar Ta-Ta-Ta shekara talatin, Sakatariya ta shiga ofishin Mai Kamfani ta tarar da akwatin gilashi a buɗe, cikinsa wayam. Faifan asali ya yi ɓatan dabo. Ihun da ta kurma sai da ya sauko da masu fenti daga kan tsani.

In mutum ya ce maka bai san Ta-Ta-Ta ba, ƙarya yake yi. Waƙa ce ba kai ba gindi: ganga da usur, sai wata murya ta kama "ta-ta-ta-ta" kamar injin da ya ƙi tashi, sai wani saurayi ya fashe da dariya har yana shiɗewa, sai kuma a koma farko. Shi ke nan fa, babu ƙari! Amma da ita ake rarrashin jariri, da ita ake tsokanar direban da motarsa ta mace a tsakiyar titi, ita ke kuka a wayar rabin mutanen gari. Kamfanin ya buga waƙoƙi sun fi ɗari huɗu, na soyayya, na nasiha, na kishin ƙasa. Duk sun mutu an binne su, wannan shashashar kuwa ko furfura ta ƙi yi. Ita ta gina benen nan mai hawa uku, ita ta ajiye wa Mai Kamfani tumbi.

Shi faifan asali wani zare ne naɗe cikin gwangwani mai faɗin faranti, kuma babu na biyunsa a duniya. Mai Kamfani da bakinsa ya shiga rediyo ya yi shela cewa ran Juma'a zai saka shi kowa ya ji, daga farko har ƙarshe, ba yanka ba gyara, a san yadda aka haifi Ta-Ta-Ta.

Kafin ƙarfe tara ƙofar kamfani ta cika maƙil: masu shaguna, direbobi, masu wucewa da babu abin da ya shafe su. Kowa da ɓarawonsa a baki, amma yawancin yatsu kan Baba Maigadi suka tsaya, don shi ke riƙe da makullin ƙofa, kuma shi ne wanda ba shi da kowa a sama. Yana zaune kan bencinsa, hularsa a hannu, ya rasa inda zai ajiye idonsa.

A haka Mai Sawu ya iso.

Mutum ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, siriri, mai tafiya kai a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. In an fasa shago ko an yi sama da injin wani, shi ake kira, ya duba ƙasa ya karanta ta. Abu ɗaya ya ɗaga sunansa: bai taɓa ɗora wa mutum sawun da ba nasa ba. In ya ce kai ne, ko uwarka ba ta musu.

Yana sa ƙafa a bakin ƙofa wayar wani direba ta ɗauki kuka: ta-ta-ta-ta, sai dariyar nan. Jama'a suka ɗan murmusa duk da halin da ake ciki. Mai Sawu bai murmusa ba. Dariyar tasa ce. Shekara talatin ke nan yana jin kansa yana dariya a kowane lungu, kuma ko matarsa bai taɓa gaya wa ba.

*

"Ƙarfe huɗu na ba ka," in ji Mai Kamfani, yana share gumi da hankici. "Ba na son magana ta kai gidan rediyo, shi ya sa na kira ka kafin 'yan sanda. In huɗu ta buga babu faifai, su zo su tafi da tsohon can, ya yi musu bayani."

"Yallaɓai, ka tabbata shi ne?"

"Ban tabbata ba. Amma dole wani ne, ko?"

Mai Sawu ya durƙusa. Sa'a ɗaya aka ci: masu fenti sun wuni jiya suna goge bango, farin gari ya kwanta ko'ina, kan tebur, kan kujeru, har kan tsohon injin saka faifai da aka fito da shi don ran Juma'a. Ƙarfe biyar suka tashi, aka bar ofis a buɗe ya sha iska, ƙarfe shida Baba Maigadi ya kulle. Tsakanin biyar da shida ke nan.

Mai Sawu ya ware sawun masu fenti, ya ware tsinin takalmin Sakatariya na safiyar nan. Aka bar wasu 'yan sawu, ba su fi shida ba, sauran duk an tattake su. Iri biyu ne: wani mai faɗi, ƙasansa sumul, wani kuma matsattse mai zane-zane. Dukansu an taɓa yi musu faci a dunduniya, da ɗinki bibbiyu da ɗan ƙulli a gefe. Wannan ɗinki ya san shi kamar yunwar cikinsa. Hannun yayansa ne, mai gyaran takalmin da ke zaune a kwanar titin nan, wanda a rumfarsa ma Mai Sawu ya koyi kallon ƙasan takalmi tun yana ƙarami. Sai dai wannan bai nuna kowa ba, don duk mai ƙafa a titin nan wajen Yaya yake kai gyara.

Akwatin kuma ba a fasa shi ba, ba a taɓa kwaɗonsa ba. An bi ƙusoshin murfin ne ɗaya bayan ɗaya da wani abu mai tsini, aka jera su a gefe, tsaf, kamar mai shirin mayar da su. A ƙarƙashin tebur ga wasu baƙaƙen takalman Mai Kamfani suna ta ƙyalli.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Mutum biyu ne," ya ce.

Kafin ya sauko daga bene maganar ta riga shi isa titi. Mutum biyu! Aka shiga haɗa wa Baba Maigadi abokin sata.

*

"Ɗana, shekara goma sha tara ina bakin ƙofar nan," in ji Baba Maigadi. "Ko tsinken sakace ban taɓa ɗauka ba. Yau jikokina za su ji an ce kakansu ɓarawo ne?"

"Baba, ɗaga ƙafarka in gani."

Tsoho ya ɗaga, kamar yaron da ake duba wa ƙaya. Akwai ɗinkin Yaya, amma zanen ba shi ba ne. Kunya ta kama Mai Sawu, don duk taron nan na kallon sa'an ubansa da ƙafa a sama.

"Bayan biyar wa ya shiga?"

"Mawaƙi ne kawai. Ya hau yana faɗa, ya sauko yana faɗa."

"Sai wa?"

"Wallahi babu baƙon da ya shigo."

Sakatariya kuwa ba ta jira an tambaye ta ba. Ta kaɗa masa makullin akwatin a fuska ta ce, "Da ni ce, me zai kai ni kwance ƙusa, alhali ga wannan a jakata? Ka je wajen Tatata. Makon jiya da kunnena na ji ya ce gara a cinna wa faifan nan wuta."

*

Tatata shi ne Mawaƙin. Sunansa na gaskiya ya daɗe da mutuwa, waƙar ta cinye shi. Mai Sawu ya same shi a ɗakinsa, zaune tsakanin kwalaye cike da faya-fayen da ba wanda ya saya, yana sanye da tabarau mai duhu da rana tsaka.

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa: a ƙone shi!" in ji shi. "Malam, waƙa tamanin da shida na yi. Akwai wadda na yi wa mahaifiyata, wata uku ina rubuta ta. Ka taɓa ji? Ba ka taɓa ba! In na hau dandali na ɗauko ta, sai a fara jifa da robar ruwa, 'A yi mana Ta-Ta-Ta!' Ranar da aka binne matata, wani yaro a bakin hanya ya gan ni ya ce ta-ta-ta. To me ya rage?"

"Jiya me ya kai ka ofis?"

"Na je in roƙe shi kada ya saka. Ban same shi ba. A bakin ƙofa na tsaya, na ga gwangwanin yana nan cikin gilashinsa, na tofar da yawu na sauko."

Mai Sawu ya ɗauki takalmansa ya juya. Ɗinkin Yaya ne, amma ƙafar Mawaƙi kamar kwale-kwale take, ta fi sawun da ɗan yatsa guda.

"Me ya sa ba ka so a saka?"

Mawaƙi ya cire tabarau. Idanunsa ƙanana ne, jajaye, na wanda ya gaji.

"Don muryar ba tawa ba ce. Shekara talatin ina cewa ni na ƙirƙiro ta don raha. Ƙarya ce. Muna cikin gwada samari masu son zama mawaƙa, injin na ɗauka, sai wani bawan Allah mai in'ina ya leƙo yana son faɗin wani abu, bakinsa ya sarƙe. Ɗaya daga cikin samarin ya fashe da dariya. Mai Kamfani ya yanko wajen ya ɗora a kan ganga, shi ke nan. Ko fuskar mutumin ban riƙe ba. Ran Juma'a duniya za ta ji cewa abu ɗaya tak da aka san ni da shi ma na aro ne. Amma ban ɗauka ba, Malam. Ba ni da wannan zuciyar, shi ya sa nake zagi."

Mai Sawu ya ajiye takalman a hankali, ya fita ba tare da ya iya haɗa ido da shi ba.

Shi kam Mai Sawu ya riƙe fuskar mutumin. Yaya ne.

A wancan lokaci Mai Sawu saurayi ne mai ji da muryarsa, ya je gwaji cikin rigar aro. Yana tsaye gaban manya sai ga Yaya a bakin ƙofa, hannu duk baƙin man takalmi, yana ta-ta-ta. Dariyar ta ƙwace masa ne, haka yake gaya wa kansa kullum. Ba a ɗauke shi waƙa ba, dariyar kawai aka ɗauka. Da waƙar ta fito, yaran titi suka mai da ita bulalar dukan Yaya, su da ba su ma san muryarsa ba ce, su dai sun ga mai in'ina. Tun daga nan Yaya ya rage magana, ya rage, har ya zama sai nuni da hannu. Su biyun kuwa ba su taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Kai, ɗan Adam! A zauna shekara talatin ana gaisawa a kan rami.

*

Ƙarfe biyu ta wuce, ba shi da ko mutum ɗaya cikin biyun da ya yi shela. Ya koma ofis ya sake durƙusawa, wannan karon da zare a hannu yana aunawa.

Mai faɗin nan, guda uku ne. Ya dube su da kyau: hagu, hagu, hagu. Matsattsen, shi ma uku: dama, dama, dama. Ya auna tsakanin mai faɗi da matsattse, taki ɗaya ne cif, gajeren taki na mutumin da ya saba zama.

Tirƙashi! Ba mutum biyu ba ne. Mutum ɗaya ne da takalmi wari-wari. Ɗan koyo ma zai gane wannan tun da safe, shi kuwa gwani ya tsallake, ya je yana ɗaga ƙafar tsoho a bainar jama'a. Ba idonsa ne bai gani ba, zuciyarsa ce ta ƙi kallo. Wane ne a titin nan yake gyara wa kowa takalmi, shi kuma ya zura duk warin da masu shi suka manta ba su dawo karɓa ba?

Ya juya ya dubi baƙaƙen takalman da ke ƙarƙashin tebur. Komai na ɗakin ya yi fari, su ko ɗigo babu. Bayan garin ya gama kwanciya aka kawo su.

Ya sauko wajen Baba Maigadi.

"Baba, wa ya kawo takalman Mai Kamfani jiya?"

"Au! Ai yayanka ne, kowace Talata yake kawowa." Tsoho ya dafa kai. "To ai shi ba baƙo ba ne. Ko sallama ba ya yi, ka san bakinsa. Wallahi na manta ma ya wuce."

*

Rumfar Yaya ba ta canza ba: kwanon rufi huɗu, benci, tulin takalma, ƙamshin gam da fata, da 'yar rediyo ɗaure da roba. Yana zaune ya sunkuya kan wani takalmin makaranta, basilla a hannu. A ƙafarsa ta hagu mai faɗi, ruwan ƙasa. A ta dama matsattse, baƙi. Farin gari na nan maƙale cikin ɗinkin.

Mai Sawu ya zauna kan benci. Yaya ya dube shi, ya dubi ƙafarsa, ya ga maɗaurin takalminsa ya kusa tsinkewa. Ya miƙa hannu, ya tura masa silifas ɗin roba da yake ba masu jira. Mai Sawu ya cire ya ba shi, kamar yadda ya saba tun yana yaro.

"Yaya, ƙarfe huɗu za su tafi da Baba Maigadi."

Basilla ta tsaya. Yaya bai san da wannan ba, an gani a fuskarsa. Ya ajiye aiki, ya sa hannu ƙarƙashin tulin fata ya jawo gwangwanin, naɗe cikin tsumma mai tsabta.

"Ban ga laifinka ba," in ji Mai Sawu da sauri, don ya fi son ya yi ta magana da ya yi shiru. "Shekara talatin ana yi maka dariya, yanzu kuma a ce za a saka a rediyo a ƙara. Ko ni ne..."

Yaya ya girgiza kai. Ya buɗe baki, jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"N-ni na s-saba, Auta."

"To me ya sa?"

"K-k-kai."

"Ni? Dariyar? Ai babu wanda zai gane..."

"B-ba dariya ba. B-bayanta." Ya haɗiye yawu, ya dafa gwiwa. Kowace kalma sai ya haƙo ta. "Ka ɗ-ɗauka na t-tafi. Ina b-bayan ƙofa. S-suka ce, ka s-san shi? K-ka ce..."

Bai ƙarasa ba. Ba in'ina ce ta hana shi ba wannan karon.

Abin ya dawo wa Mai Sawu gaba ɗaya, har da zafin fitilar ɗakin, har da ƙaiƙayin rigar aro. Shekara talatin yana tuna dariyar don kada ya tuna abin da ya biyo ta. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"M-mutane sun y-yarda da b-bakinka," in ji Yaya, idonsa kan takalmin da ke hannunsa. "Da shi k-kake ci. 'Y-ya'yanka za su ji. S-sun san m-muryarka. Ka m-mayar, ka ce n-ni ne. K-kada dai a s-saka."

Wato ba don kansa ya yi sata ba. Mutumin da bai taɓa riƙe ko igiyar takalmin wani ba ya hau bene ya kwance ƙusa don ya rufa wa ƙanensa asiri, ƙanen da ya tona nasa. Mai Sawu ya so ya ce wani abu, sai ya tarar yau shi ne bakinsa ya sarƙe. Ya rungumi gwangwanin ya tashi, ya tsallaka titi, bai ko lura da abin da ke ƙafarsa ba.

*

Huɗu saura kwata ya tara su a ofis: Mai Kamfani, Sakatariya, Mawaƙi da tabaransa, da Baba Maigadi a tsaye jikin bango. Ya ɗora gwangwanin kan tebur. Mai Kamfani ya yi tsalle kamar ba shi ne mai tumbi ba.

"Alhamdu lillahi! Ina ɓarayin?"

"Yallaɓai, da safe na ce mutum biyu. Kuskure na yi, kuma kuskuren ganganci. Baba, ka yafe mini, na ɗaga ƙafarka gaban mutane alhali ba ka da laifi. Sakatariya na da makulli, ba ta bukatar kwance ƙusa. Mawaƙi a bakin ƙofa ya tsaya. Mutum ɗaya ne, kuma zan faɗe shi. Amma sai an saka faifan nan tukuna, a nan, mu biyar."

"Haba, sai Juma'a ai..."

"Yaushe rabonka da jin sa duka?"

Mai Kamfani ya sosa ƙeya. "Tun ranar da na yanka. Abin dariya ne dai, na tuna."

Ya hure garin da ke kan injin, ya ɗaura zaren da hannunsa. Aka ji shuuu, aka ji tari, aka ji wani saurayi yana jan wata waƙar soyayya da muryar da ba ta kai ba. Sai ƙarar ƙofa.

"Ta-ta-ta-ta..."

Sai dariyar. Babu ganga, babu usur, tsirararta. Ashe haka take da muni! Sakatariya da ta fara murmushi ta maida shi ciki. Muryar ta sake gwadawa, ta-ta-ta, dariyar ta ƙara danne ta. Aka ji wani abu ya faɗi ƙasa, tim, tim, sai jan ƙafa.

Sai muryar Mawaƙi, ta ƙuruciya: "Kai, wane ne wannan? Ka san shi?"

Sai saurayin, yana haki don dariya: "Ni? Allah ya kiyaye! Ban san shi ba. Wani mai gyaran takalmi ne, ba shi da cikakken hankali."

Sai Mai Kamfani na wancan zamani: "Kada a goge wannan! Wallahi kada a goge!"

Zaren ya ƙare yana kaɗawa, fat, fat, fat. Babu wanda ya tashi ya kashe.

"Saurayin nan ni ne," in ji Mai Sawu. "Abin da ya faɗi ƙasa kuma takalmina ne. Yagewa ya yi, mai in'inar nan ya zauna ya gyara, ya biyo ni da shi a guje don kada in tsaya gaban manya da silifas. Kalmar da kuke rawa da ita shekara talatin, 'takalminka' ce. Ba mu bar shi ya ƙarasa ba. Shi ya ɗauki faifan jiya, don kada 'ya'yana su ji abin da ubansu ya ce."

Mawaƙi ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu. Kamar da gangan, wayar Sakatariya ta ɗauki kuka cikin jaka, ta-ta-ta-ta, ga ganga ga usur. Ta dinga laluben ta, ta zazzage jakar a ƙasa kafin ta samu ta kashe.

Mai Kamfani ya zauna daɓas. Ya dubi baƙaƙen takalmansa da ke ƙarƙashin tebur, ya daɗe yana kallonsu.

"Mai gyaran takalmi," ya ce a hankali. "Na kwanar nan? Shekara nawa ina miƙa masa takalmi ta tagar mota... ban taɓa jin muryarsa ba."

"Ka ji, yallaɓai. Kullum kana ji."

Mai Kamfani ya share fuska, wannan karon ba gumi ba ne kawai. Ya ce wa Sakatariya, "Kira 'yan sanda, ki ce kada su zo, ba a yi sata ba. Baba, koma bakin aikinka, ka yi haƙuri da ni. Faifan nan kuma ba za a saka shi ba sai in mai muryar ya ce a saka."

Aka ji motsi a bakin ƙofa. Yaya ne tsaye, daidai yadda ya tsaya shekara talatin da suka wuce, furfura ta cika kansa, hannu duk baƙin mai, ƙafa ɗaya ruwan ƙasa ɗaya baƙa. Ya ga manya sun zuba masa ido, ya ja baya kaɗan kamar zai juya.

Mai Kamfani ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi wa mai gyaran takalmi ba. Ya rasa ta inda zai fara, sai ya juya wajen Mai Sawu, ya yi tambayar da ta zo bakinsa.

"Shi ne? Wato... ka san shi?"

"Yayana ne," in ji Mai Sawu, da ƙarfi, har masu fenti da ke kan matakala suka ji. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya raine ni."

Yaya ya sunkuyar da kai. Sannan ya ɗago abin da ke hannunsa, ya nuna silifas ɗin robar da ke ƙafar ƙanensa, ya buɗe baki.

"Ta-ta-ta..."

Babu wanda ya motsa. Mai Sawu ya san kalmar, tana kan harshensa, da ya so da ya ƙarasa masa ita kamar yadda kowa ke yi don a huta. Ya danne. Hawaye na bin gemunsa, ya tsaya yana jira.

"Ta-ta... takalminka, Auta. Na g-gyara."

Mai Sawu ya durƙusa a cikin farin garin nan, ya karɓa da hannu biyu.